HO ko N: Wane Ƙaramin Jirgin Ƙasa Ne Zai Zauna a Ɗakinka?

Kafin ka tura wa kowa ko sisi don sayen ƙaramin jirgin ƙasa, ɗauki tef ɗin awo ka shiga ɗakinka. Auna bangon da babu gado ko durowa a jikinsa. Auna filin da ke ragewa idan an buɗe ƙofa. Sannan ka tsaya a bakin tebur ka miƙa hannu, ka ga iya inda yatsunka suke kaiwa ba tare da ka kwantar da ciki a kai ba. A wurin yawancinmu abin bai wuce santimita 60 zuwa 70 ba. Waɗannan awo uku su ne za su raba maka gardama, ba hotunan da kake gani a intanet ba.

Sha'awar da nake magana a kai ita ce ta gina ƙaramin layin dogo a cikin gida, mai tafiya da lantarki, da tasharsa da taragunsa da gidaje da itatuwa, komai an rage shi bisa ma'auni ɗaya. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan magidanta ne da dattawa suka fi riƙe ta, har ma a Hamburg akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda layukan suka cika ɗakuna a wani tsohon gidan ajiyar kaya, mutane suna sayen tikiti su shiga kallo. Amma duk wanda ya taso yana ƙera motar kara ko ta gwangwanin madara, yana yanka silifa ya yi mata taya, ya riga ya san daɗin abin tun kafin a gaya masa sunansa.

Matsalarmu ita ce wuri. Wanda ke zaune a ciki da falo, ko ɗakin haya ƙafa 12 a 12, ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin na Amurkawa. Shi ya sa tambayar farko ita ce ta ma'auni, kuma ma'aunai biyu ne suka fi cika kasuwa: HO da N.

HO yana rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin dogo da dogo milimita 16.5. N yana ragewa sau 160 a Amurka da yawancin Turai, sau 148 a Ingila, sau 150 a Japan, amma duk a kan layi ɗaya suke hawa mai faɗin milimita 9. Kamfanin Arnold na birnin Nuremberg ne ya fito da N kasuwa a farkon shekarun 1960, lokacin da HO ya riga ya kafu. A takarda bambancin kamar rabi ne kawai. A kan tebur kuwa ya fi haka nesa, domin tsawo da faɗi duka suke raguwa: tashar da ta ci murabba'in mita ɗaya a HO ba ta cin ko sulusinsa a N. Mutum mai tsawon mita 1.75 yana zama milimita 20 a HO, a N kuma milimita 11, kamar ƙwayar wake. Dogon taragon fasinja na Turai mai mita 26.4 yana zama milimita 303 a HO, milimita 165 a N. Jera guda biyar ka gani: a HO sun haura mita ɗaya da rabi tun ba a saka kan jirgi ba, a N santimita 83 ne.

To amma abin da ke cin wuri ba tsawon jirgi ba ne, kwana ce. Jirgi ba ya juyawa kamar keke, sai an ba shi da'ira. A HO kwanar da Amurkawa suka saba farawa da ita inci 18 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi, wato milimita 457, don haka da'irar kanta ta haura santimita 90, ga kuma ɗan fili da za a bari a gefe kada jirgi ya goce ya faɗo ƙasa. Daga nan aka samo al'adar shimfiɗa HO a kan allon katako guda, irin wanda kafintoci ke saye mai ƙafa 8 a ƙafa 4, wato santimita 244 a 122. Kuma ka tuna awon hannunka. Allo mai faɗin santimita 122 ba ya jingina da bango, domin duk abin da ya tsaya a can ƙarshe ba za ka kai gare shi ba. Dole ya zauna a tsakiyar ɗaki ka riƙa zagaya shi. Ɗakin ya zama na jirgi ke nan, kai ne baƙo, uwargida kuma tana da abin cewa, kuma da gaskiyarta.

A N lissafin ya sauya gaba ɗaya. Layin Unitrack na kamfanin Kato na Japan yana da kwana mai milimita 249 da mai 282 da mai 315. Da ta farkon, da'ira tana shiga allo mai faɗin santimita 60. Da santimita 60 a 120 ka samu zagaye cikakke da ɗan layin ajiye taragu, abin da za ka ɗauka da hannu biyu ka ɗora a kan durowa ko ka tura ƙarƙashin gado. Idan ka samu tsohon ƙyauren ƙofa mara nauyi, to ka samu ƙasa guda: layi biyu kafaɗa da kafaɗa, tasha, gada, tudu da rami, dogon jirgin kaya yana ɓacewa a bayan dutse ya ɓullo ta wancan gefe. Ba banza Japanawa suka rungumi N ba, gidajensu ƙanana ne, kuma da yawansu ba su ma kafa layin dindindin, a ƙasa suke haɗa shi su yi wasa su kwance su mayar kwali. Unitrack don haka aka yi shi, yana zuwa da gadon tsakuwarsa na roba, guntu yana shiga guntu ya kama ƙam.

Saboda haka idan burinka shi ne ka dawo daga aiki, ka yi sallar isha'i, ka kunna jirgi ka zauna da kofin shayi kana kallonsa yana zagayawa, kada ka wahalar da kanka. N ne naka. HO a ƙaramin zagaye ba ya kyau, dogayen taragu suna leƙowa waje a kwana, kan jirgi kuma yana bin wutsiyarsa kamar mage.

Sai dai akwai abin da littattafan Turawa ba su cika dogon bayani a kai ba, mu kuwa shi ne babbar maganarmu: ƙura.

Waɗannan jirage ta dogo suke shan wuta. Lantarki yana bi ta ƙarfen layi ya shiga taya ya kai ga 'yar motar lantarkin da ke juya tayoyin, kuma inda taya ke taɓa dogo ɗan ɗigo ne. Kan jirgin N ba shi da nauyin da zai danne datti, ga tayoyi ƙanana, don haka ƙwayar ƙura ɗaya kan ishe ta yanke masa wuta. Na fara da N, a kan allo mai santimita 60 a 120, kuma da damina ban ga aibinsa ba. Da hunturu ya shigo, hazo ya sauka, sai na gane. Zan goge layin da yamma, washegari in ɗora yatsa a kan dogo in ga ya fito da jan layi. Jirgin yana tafiya sai ya tsaya cak a kan masauyin layi, wato inda layi ɗaya ke rabuwa biyu, fitilarsa ta mutu, sai na ɗan taɓa shi ya zabura. Gudu da sauri ba ya nuna matsalar, tafiyar sannu ce ke tona ta, ita ce kuwa tafiyar da ke sa abin ya yi kama da jirgin gaske. HO ma yana jin ƙura, kada wani ya ruɗe ka, amma nauyinsa da girman tayoyinsa suna sa ya haƙura da abin da N ba zai haƙura da shi ba.

Maganin bai da tsada. A yi wa layin murfi tun ranar farko, ko na katako ko na leda mai kauri a kan firam, kamar yadda ake rufe keken ɗinki. A goge dogo da tsumma mara gashi da aka ɗiga wa sifirit, a goge tayoyi ma. Kada a kusanto da samfefa, tana karce ƙarfen ta bar ramukan da datti zai zauna. A nan ƙanƙantar N ta sake yi masa rana, domin allo mai santimita 60 a 120 yana da sauƙin rufewa, mai ƙafa 8 kuwa sai an yi masa rumfa.

Abu na biyu shi ne ido da yatsu. Ɗora taragon N a kan dogo, tayoyi takwas su zauna daidai, aiki ne na natsuwa, musamman ga wanda ya fara riƙe waya nesa da fuska kafin ya karanta saƙo. Idan ƙugiyar haɗa taragu ta ɓalle ta faɗi a kan tabarma, sai an kunna tocila an durƙusa. Fentin mutum mai milimita 11 sai da madubin ƙara girma da hantsaki. A HO kuwa kana iya yanka kwali ka yi ƙofa da taga, ka yi wa mutum hula da babbar riga a gane su daga nesa, ka buɗe kan jirgi ka sa masa mai ba tare da fargaba ba. Idan akwai yara a gida, HO ya fi jure hannunsu, ko da yake duka biyun suna da ƙananan sassa da bai kamata a bari kusa da mai rarrafe ba.

To ya za a yi wanda ke son HO kuma ba shi da wuri? A nan ne nake ganin mutane da yawa suke kuskure, suna ɗauka layin dogo dole ya zama zagaye. Jirgin gaske ba ya zagaye. Yana shiga tasha, a kwance masa taragu, a tura wannan layin sito, a jawo wancan, a haɗa sabon jeri ya fita. Wannan aikin kuma kanta ɗaya a jikin bango ta ishe shi.

Wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da tsarin da ake kira Inglenook Sidings, wanda ya shimfiɗa a kan allo mai ƙafa 4 a ƙafa 1. Masauyin layi biyu ne kawai, da rassa uku: ɗaya yana ɗaukar taragu 5, biyu suna ɗaukar 3 kowanne, sai layin ja da baya da ke ɗaukar kan jirgi da taragu 3 kacal. Kana da taragu 8. Sai ka rubuta sunan kowanne a ƙuri'a, ka zaro 5, aikinka shi ne ka jera waɗannan biyar bisa tsarin da suka fito, da wannan ɗan wurin da kake da shi. Jeri iri-iri har 6,720 ne ke iya fitowa. Wani jerin minti biyar ya isa, wani kuwa sai ka shafe rabin sa'a kana kai da kawowa kamar mai buga dara, ka tura tarago nan don ka buɗe hanyar wancan. A Amurka John Allen ya fito da makamancinsa a 1972, ana kiransa Timesaver, amma ya fi yawan masauya, ya fi tsada ke nan. Lura da abu ɗaya: ƙafa 4 ɗin nan ta ishi Wright ne saboda gajerun taragun Ingila masu taya huɗu. Taragon kaya na Amurka mai ƙafa 40 yana kai santimita 14 a HO, don haka da irinsa kantar za ta doshi mita biyu. Faɗin dai santimita 30 ne, bai fi kantar jera littattafai ba, kuma gado yana iya zama a ƙarƙashinta.

Ana yin Inglenook a N, har ya shiga ƙasa da mita ɗaya, amma wasa ne na tafiyar sannu a kan masauya da haɗawa da kwancewa, wato daidai wuraren da N ya fi rauni. A kan kanta HO ya yi masa fintinkau.

Maganar kuɗi ba ta raba su sosai. Mutum zai zaci ƙaramin ya fi araha, amma kan jirgi mai kyau a N da HO farashinsu ba shi da nisa da juna, domin aikin cikinsu ɗaya ne. Inda N ya ci riba shi ne kuɗin aikowa, tunda kusan komai odarsa ake yi daga waje ko a roƙi wani matafiyi ya saƙo a jaka. Inda HO ya ci riba shi ne yawan kaya, sabo da na hannu, domin shi ne ma'aunin da ya fi yawan mabiya a duniya.

Wajen sayen na hannu akwai ramuka uku. Na farko, kayan Ingila irin na kamfanin Hornby yawanci OO ne, ma'aunin 1:76, ko da yake a kan layin milimita 16.5 suke hawa. Za su yi tafiya a layin HO lafiya lau, amma idan ka jera su da taragun HO sai ka ga sun fi su ƙiba, ƙugiyoyinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Zaɓi gida ɗaya ka zauna a ciki. Na biyu, HO na kamfanin Märklin tsarin wutarsa daban ne, yana sha ta wasu 'yan ƙusoshi da ke jere a tsakiyar layi, don haka kan jirginsa ba ya aiki a layin kamfanoni irin su Roco ko Piko ko Atlas ko Peco. Na uku, tsohon layi na baƙin ƙarfe. Za ka gan shi da araha, amma araha ba ta ado, damina ɗaya ta isa ya yi tsatsa. Nemi wanda aka rubuta nickel silver a kwalinsa, kuma idan kana shakka ka kai masa maganaɗisu, baƙin ƙarfe zai kama.

Sai wuta. Tsohon tsari, DC, yana ƙara wa layi ƙarfin wuta daga sifili zuwa kimanin volt 12, jirgi ya ƙara gudu. Sabon tsari, DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, yana sa 'yar na'ura a cikin kowane kan jirgi, sai ka sarrafa da yawa a layi ɗaya, har da ƙarar inji da usur. A HO akwai wurin saka na'urar da lasifika mai ɗan girma, a N kuwa wurin a matse yake. Amma ga ƙaramin layi mai kan jirgi ɗaya, DC ya wadatar, kuma yana da wata fa'ida a wurinmu: da batirin volt 12 irin na sola da ɗan abin rage gudu, ɗaukewar wuta ba ta tsayar da kai. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne taransifoma. Wutar Japan volt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230. Wani mai sayarwa ya taɓa aiko mini da saiti bai faɗi ta wace ƙasa ce taransifomarsa ba, ni kuma ɗoki bai bar ni na karanta jikinta ba. Na soka, na ji ɗan ƙara, sai warin ƙonewa. Wata biyu na jira kafin wata ta iso. Karanta rubutun da ke jikinta kafin ta ga soket.

Katakon ma a kula da shi: a shafa masa fenti ciki da waje saboda laima da gara, a bar ɗan tsaga kamar kaurin kati a mahaɗar dogo, domin ƙarfe yana miƙewa da zafin bazara, idan bai samu wuri ba sai ya lanƙwashe.

Akwai wasu ma'aunai biyu da za ka ci karo da su. Z, wanda Märklin ya fitar a 1972, 1:220 ne a kan layin milimita 6.5, yana shiga akwatin hannu, amma duk abin da na faɗa game da ƙura da ido ka ninka shi. TT kuwa 1:120 ne a kan milimita 12, tsaka-tsaki, ya yi ƙarfi a tsohuwar Jamus ta Gabas, Hornby ma ya shiga yinsa a 2022. Girmansa ya yi daidai ƙwarai, kayansa ne ba su kai na waɗancan biyun yawa ba.

Yanzu ga abin da ya karkatar da ni. HO da N duka an auna su ne a kan layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu kuwa, wanda ya iso Kano a 1911, milimita 1,067 ne. Raba shi da 87 ka samu 12 da 'yan kai, wato wanda ke son ya gina tashar Kano ta zamanin dalar gyaɗa a ma'aunin HO, layin milimita 12 ne ya dace da shi. Akwai kuma wanda ya fi wannan siranta. Daga Zariya zuwa Jos an taɓa yin ɗan siririn layi mai faɗin milimita 762, Bauchi Light Railway, wanda aka kammala a 1914 saboda kuzar da ake haƙa a Filato, aka rufe shi a 1957. Raba 762 da 87, ka samu kusan 9. Layi mai faɗin na N ke nan, ɗauke da jirgi da mutane da gidaje masu girman HO. Wannan haɗin yana da suna a kasuwa, HOe a Turai, kuma a Ingila akwai ɗan'uwansa OO9. Irin waɗannan jirage gajeru ne, suna shan ƙaramar kwana ba tare da sun yi muni ba, don haka zagaye yana shiga faɗin santimita 60, mutanenka kuma suna nan da milimita 20 ɗinsu, ana ganin rawani ana ganin tulu a ka.

Kada in ɓoye maka, yana da nasa nauyin. Ƙananan kawunan jirginsa suna jin ƙura kamar na N, murfi ya zama dole. Ba za ka sami taragun Zariya a kwali ba, sai ka sayi na Turai ka sauya musu fenti, ko ka ɗauki ƙasan taragon N ka gina masa jiki da kwali da siraran katako. Wanda ke son ya buɗe kwali yau jirgi ya tashi yau, ya sayi saitin N ya huta. Wanda ke son wasan jera taragu da kan jirgi mai nauyi mai tafiyar sannu, ya kafa kantar HO. Wannan na uku, wato HOe, na wanda hannunsa ke ƙaiƙayin ƙira ne.

Ni shi na bi. Kantata santimita 140 ce a 60. Ƙasar da ke kai ta gaske ce, jar marmara da na daka na tankaɗe da rariyar kicin sau biyu, na bi ta da maganaɗisu na tsince baƙin yashin da ke ciki don kada motar jirgi ta zuƙe shi, sannan na kafe ta da farin gam da aka sirka da ruwa. Kukar da ke bayan tasha wayar lantarki ce na murɗe na shafe da gam da garin katako. Rumbuna biyu murafen kwalba ne da na yi wa jinka da zaren buhu. Buhunan kuza guntayen ƙyalle ne da aka cusa wa yashi, guda 30, dare uku na yi ina ɗaure su. Ranar da mahaifina ya zo ya gani, ya daɗe a tsaye bai ce komai ba, sannan ya nuna bakin tashar da sandarsa ya ce, "Ina masu tallan rake? Ai tasha ba ta zama babu su." Su nake yankawa yanzu, da tsinken tsintsiya a matsayin raken.